Ma'aikaci da Ƙirƙirarriyar Basira

Ƙirƙirarriyar basira dabara ce ta koya wa kwamfuta yin aikin da a da sai mai tunani ke iya yinsa. Akan ɗura mata rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa har ta gane yadda kalma ke bin kalma, sa'an nan in an tambaye ta sai ta harhaɗa amsa. Tun da kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, wasiƙar da akawu kan yi rabin yini yana tsarawa ta zama aikin minti guda.

Dattawan ma'aikata za su tuna da ɗakin masu buga tafireta. Da kwamfuta ta shigo ofisoshi, ɗakin nan ya watse, amma waɗanda suka koyi sarrafa ta ba su rasa kujera ba.

To, ya kai ma'aikaci, ga abin lura. Wannan na'ura tana da sauri, amma ba ta san kunyar ƙarya ba. Takan ƙaga suna, ko adadi, ko sashen doka, ta jera su tsaf kamar gaskiya. Google Translate ya soma fassara Hausa tun 2013, duk da haka karin magana kan gagare shi, don ma'anarta ba a bisa kalmomi take ba. Ba ta kuma sa hannu a takarda. In kuskure ya fita daga ofis, ba na'ura za a kira gaban shugaba ba, kai za a kira. Saboda haka wanda ya san aikinsa ciki da bai, har ya iya gano inda ta kauce, shi ne ba za a iya sallama ba. Mai kwafe kawai, shi ke cikin haɗari.

Sai ka zurfafa sanin sana'arka, ka kuma koyi aiki da na'urar. Fara da ƙaramin abu, kamar taƙaita rahoton da ka riga ka karanta, don ka auna ta da abin da ka sani. Mai neman horo ya tuntuɓi hukumar NITDA, wadda aka kafa a 2001, ya kuma bincika shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 da nufin horar da mutum miliyan 3.

A kula: kada a zuba mata takardun asiri na ofis ko bayanan jama'a. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da su alhakin tsare su.