Amsoshin Tambayoyinku: Lasifikokina Shida, Wane Salon Sauti Zan Zaɓa?

Tambaya: Malam, wata biyu ke nan da na sayi amfilifayar hom-tiyata ta hannu, irin wadda wasu ke kira risibar sauti, tare da lasifika biyar da wufa ɗaya. Mai haɗawa ya haɗa mini ya tafi. Damuwata ita ce maɓallin sauya salon sauti. Duk dannawa sai wani suna ya fito a allo: Stereo, Direct, Pro Logic, Hall, Stadium, sun fi goma. Wani lokaci lasifikokin baya su yi tsit kamar ba a jona su ba. Wani lokaci maganar 'yan fim ta nutse cikin kiɗa. Wani lokacin kuma ka ji mai karanta labarai kamar daga cikin rijiya yake magana. Wanne ne daidai? Ko dai na'urar ce ba lafiya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, ka kwantar da hankalinka. Duk abin da ka lissafa halin lafiyayyar na'ura ne, wadda salon da aka zaɓa mata bai dace da abin da ake ba ta ba. Babu salo guda da ya dace da komai. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Saboda haka kafin ka tambayi wane salo za ka danna, fara tambayar wane irin sauti ne yake shigowa.

Ka ɗauki na'urar nan tamkar mai rabon abinci a gidan biki, baƙinsa shida. Wata rana kwano shida ake aiko masa daga kicin, kowanne da sunan mai shi. Wannan shi ne 5.1: hanyar hagu, ta dama, ta tsakiya wadda ke ɗauke da yawancin maganar 'yan wasa, hanyoyi biyu na gefe (waɗanda ka kira lasifikokin baya), sai ɗigo ɗayan nan, wato rugugin da wufa kaɗai ke iya fitarwa. Da wannan tsari Dolby Digital ya shiga gidajen silima a 1992 da fim ɗin Batman Returns, shekara ta zagayo DTS ya biyo baya da Jurassic Park a 1993. Wata rana kuma kwano biyu kacal ake aiko masa, hagu da dama, wato sitiriyo. Haka waƙoƙin wayarka suke, haka labaran talabijin, haka galibin abin da ke YouTube, har da finafinanmu na Hausa. Sunayen nan da suka cika maka allo duk amsa ce ga tambaya ɗaya: yaya mai rabo zai yi da abin da aka aiko masa? In ka tace su, gida uku ne.

Gida na farko shi ne na riƙon amana. An kawo shida, ya miƙa shida. An kawo biyu, ya miƙa biyu, sauran lasifikoki su yi shiru. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa: Yamaha ta ce Straight, Sony ta ce A.F.D. Auto, wasu kuma Auto kawai suke rubutawa. Ga kallon fim mai 5.1 na gaskiya, nan za ka zauna, domin waɗanda suka haɗa fim ɗin sun riga sun ajiye kowane sauti a inda suke so ya fito. A gidan nan akwai masu tsananin tsantseni, wato Direct da Pure Direct. Su kam ko gishiri ba sa ƙarawa: suna tsallake duk gyaran da na'urar ke yi wa sauti, Pure Direct har allon gabanta yake kashewa. An yi su ne domin mai manyan lasifikokin gaba da ke son jin waƙa yadda aka naɗe ta. Idan naka ƙanana ne, ka yi hattara, don a na'urori da yawa wufa ba ta aiki a wannan salo idan hanya biyu ce ta shigo, sai ka ji kiɗan ya rame. A irin wannan hali Stereo ya fi maka: lasifika biyu na gaba, wufa na tallafa musu.

Gida na biyu shi ne na masu rarrabawa. Kwano biyu aka kawo, baƙi shida na zaune, sai a yi dabara kowa ya samu. Dabarar kuwa tana da hikima. Na'urar tana kwatanta hagu da dama. Duk abin da ta ji ya zo daidai wa daida a ɓangarorin biyu, kamar muryar mai magana, sai ta tura shi tsakiya. Abin da ya saɓa tsakaninsu kuwa, irin tafi da iska da amon wuri, sai ta kai shi gefe. Dolby Pro Logic ya fito da wannan a 1987, amma a lokacin lasifikokin baya abu ɗaya suke faɗa, kuma a dushe. Pro Logic II na shekarar 2000 ne ya ba kowacce hanyarta. Tunda taka ta hannu ce, mai yiwuwa shi za ka tarar, tare da takwaransa DTS Neo:6. A sababbin na'urori Dolby Surround da DTS Neural:X ne suka gaje su.

Nan ne maganin matsalarka ta kullum yake. Fim ɗin Hausa ko na Indiya da ya zo da hanya biyu, sa masa Pro Logic II Movie: magana za ta tattaru a tsakiya, daidai ƙarƙashin talabijin, ko da a gefen kujera kake zaune. Ƙwallo ma haka, mai sharhi na gabanka, hayaniyar 'yan kallo ta kewaye ka. Idan waƙa ce kake so ta cika falo, ɗan'uwansa Music ya fi dacewa, don ba ya matse komai a tsakiya, yana barin kiɗan ya wala.

Akwai wani da ake yawan ruɗewa da shi, Multi Ch Stereo ko All Channel Stereo. Shi ba ya tantance komai, kwafin hagu da dama kawai yake zubawa a duk lasifikokin. Masu sayarwa suna son gwada wa mai saye kaya da shi saboda ya fi ƙara, kuma ko'ina yana magana. Yana da ranarsa: ranar suna ko walima, falo ya cika, kowa na so ya ji daga inda yake. Amma a kallon fim ɓarna yake yi, domin mutum yana gabanka a allo, muryarsa kuma tana fito maka ta ƙeya.

Gida na uku shi ne na masu ado: Hall, Stadium, Church da danginsu. Waɗannan amsa-kuwwa suke ƙarawa don ka ji kamar kana cikin wani babban zaure. Ba wasa ba ne aikin. Injiniyoyin Yamaha sun je sun auna yadda sauti ke kai da komo a ainihin zaurukan kiɗa, shi ya sa za ka ga sunan biranen Biyana da Munik a jerin nasu. Sai dai nan ne rijiyar da ka ambata take. Falonmu na yau tayil ne a ƙasa, bango siminti, labule ba kauri. Ɗakin da kansa yana mayar da sauti, ka zo ka ƙara masa na zaure. Muryar mai labarai ba ta buƙatar wannan. Karatun Alƙur'ani kuwa ya fi kowa rashin buƙatarsa, domin yawanci an naɗe shi da nasa amon tun asali, in ka ƙara wani sai haruffa su riƙa hawa kan juna, ka kasa bambance wasunsu. Ga karatu da wa'azi da labarai, Stereo ya wadatar.

Yanzu sauran abin da salo ba zai iya gyarawa ba. Ka sa fim ɗin da ka tabbata 5.1 ne, ka duba allon na'urar, ko ka danna maɓallin Info. In ka ga Dolby Digital ko DTS, shida ɗin sun iso. In ka ga PCM 2.0 ko Stereo, to an matse su tun a hanya. Wayar nan mai kai ja da fari hanya biyu kawai take ɗauka, bulutut ma haka. Wayar haske, mai ɗan jan haske a bakinta, tana ɗaukar Dolby Digital da DTS na 5.1, HDMI kuwa yana ɗaukar har waɗanda suka fi su. Idan waya daidai take, shiga saitin sauti na talabijin ko dikoda, ka mayar da shi daga PCM zuwa Bitstream ko Auto. Wannan ɗan saiti shi ne ke hana gidaje da yawa jin daɗin kuɗinsu.

Sai wurin ajiya. Na taɓa shiga falon wani abokina da ke kuka irin naka, na tarar lasifikoki biyar jere a kan teburin talabijin, ta tsakiya an tura ta cikin kantar teburin, gilashi a rufe, an ɗora wa ɗaya ta gefe kwandon furen roba. Muka fito da ta tsakiya bakin teburi tana fuskantar kujera. Muka kai na gefen hagu da daman kujerar, ɗan baya kaɗan, sama da kunnen mai zaune. Ba mu taɓa rimot ba, amma da aka mayar da fim ɗin sai da ya waiwaya, don ƙarar mota ta wuce shi ta baya. Ƙa'idar ita ce na gaba su buɗe kamar digiri 30 hagu da dama, na gefe kuma wajen digiri 110.

Idan bayan wannan magana tana nutsewa, kada ka ƙara ƙarar gaba ɗaya. Shiga saitin lasifikoki ka ɗaga ta tsakiya ita kaɗai da maki biyu ko uku. Ka sa ƙananan lasifikokinka a Small, ka bar mahaɗarsu da wufa a 80 Hz, don ta ɗauke musu nauyin rugugi su samu sararin fitar da murya. In na'urar ta zo da ɗan makirfon awo, ajiye shi inda kanka yake in ka zauna, ka kashe fanka da janareto, ka bar ta ta auna ɗakin da kanta. Da daddare kuma nemi Night ko DRC. Yana rage tazarar da ke tsakanin raɗa da fashewar bam, ka ji magana sarai ba tare da ka tashi yara ko ka shiga haƙƙin maƙwabci ba.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Zaɓi wuri guda a fim ɗin da ka sani sosai, na minti uku, mai magana da kiɗa da ɗan motsi. Kalle shi a Auto, ka maimaita a Pro Logic II Movie, ka sake a Multi Ch Stereo, ba tare da ka bar wanda ya fi ƙara ya ruɗe ka ba. Ka lura da abu biyu: kana jin kowace kalma? Muryar daga bakin mai maganar take fitowa? Na'urori da yawa suna tuna salon ƙarshe da ka zaɓa wa kowace mashiga, don haka aikin yini ɗaya ne ka huta.

Abu na ƙarshe, Malam: shirun lasifikokin baya kada ya dame ka. Ko a fim mai cikakken 5.1, sukan yi mintuna ba su ce uffan ba idan mutum biyu ke hira a ɗaki, kuma hakan shi ne aikinsu. Suna jiran lokacinsu ne. Ranar da hadari ya taso a cikin fim, ka ji yayyafi ya fara sauka ta bayan kujerarka har ka ɗaga kai ka dubi rufi, za ka san ba ka yi asarar kuɗinka ba. Allah ya sanya albarka a kayan, ya sa ka more su lafiya.