Darasi: Yadda za mu sami mai saye ta waya

'Yan'uwa, duk mun san abin da ke faruwa ran kasuwa. Manomin citta a Kachia ko Kwoi, da mai dankalin turawa a Bokkos, da mace mai man gyaɗa da ƙuliƙuli, kowa ya ɗauko kayansa ya zo. Dillali ya iso da mota ya yanka farashi yadda ya ga dama, domin ya san ba mu da wani mai saye, kuma ba za mu so mu koma gida da kaya ba. Kuɗin makarantar yara na jira, sai mu sallama. Waya ba za ta gyara mana hanyar mota ba, amma za ta iya kawo mana mai saye na biyu. Wanda ke da masu saye biyu, shi ne ke da bakin yin ciniki.

Tun 2001 da wayar hannu ta shigo Nijeriya muke kiran 'yan'uwa da ita. Yanzu kuwa akwai hanyoyi biyu na talla a cikinta. A kafofin sada zumunta, irin su WhatsApp da Facebook, mu ne muke kai kaya gaban mutane. A wurin bincike kamar Google, mai saye ne yake fitowa neman kaya, mu kuma sai mu tsaya inda zai gan mu.

Mu fara da WhatsApp, domin shi ne ya fi kusa da mu. Akwai irinsa na 'yan kasuwa, WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018, kuma kyauta ake saukar da shi. A ciki za a rubuta sunan sana'a da garin da ake, a jera hotunan kaya kowanne da farashinsa. Hoton da aka sa a status yana ɓacewa bayan awa 24, kuma ba mai ganinsa sai wanda ya ajiye lambarmu, mu ma muka ajiye tasa. Saboda haka aikin farko shi ne tara lambobi. 'Ya'yanmu da ke aiki a Abuja, Kaduna da Legas, da matan zumunta na ikilisiyoyin birni, su ne masu sayenmu na fari. Suna marmarin acha da daddawa da zumar gida, kuma sun san mu. Su ne za su gaya wa maƙwabtansu. Sai dai kada mu cika zauren WhatsApp na ikilisiya da talla dare da rana. A nemi izinin shugabanni, a ware rana ɗaya a mako.

A nan ne za mu daɗe, domin a nan ne yawanci ake faɗuwa. A kasuwar ƙauye mai saye yana ɗiban acha a hannu ya duba ko akwai yashi, ya ɗanɗana zuma, ya ga mudun da ake awo da shi. Mai saye ta waya ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Hotonmu da maganarmu kaɗai yake da su. Don haka a ɗauki hoton kayan da za a aika, ba na wani da aka samo a intanet ba. A ɗauka da safe a waje, a kan tabarma ko tire mai tsabta. A faɗi awo a fili: mudu ne, kilo ne, ko kwalbar lita ɗaya? Mudun wannan kasuwa ba lalle ya zama daidai da na waccan ba, shi ya sa ƙaramin sikeli ya fi raba gardama. A rubuta farashi, a kuma faɗi wanda zai biya kuɗin mota. Wasu suna ɓoye farashi wai sai an kira su. Mu dai muna ganin wannan korar mai saye ne. Idan buhu ya isa aka tarar da manyan dankali a sama, ƙanana a ƙasa, mai sayen ba zai yi shiru ba. Wayar da ta kai tallanmu wurin mutum ɗari, ita ce za ta kai ƙorafinsa, kuma sunan ƙauyen gaba ɗaya ne zai ɓaci. Haka nan kada a ce zuma ko zogale na warkar da kowace cuta. Abincin da aka ƙulla a leda ko kwalba da suna a jiki, don sayarwa a shaguna, yana bukatar rajistar NAFDAC.

Game da Google, ƙungiya ko shago na iya yin rajista kyauta domin sunansu ya fito a taswira tare da lambar waya. Abin lura shi ne kalmomin da mai nema zai rubuta. Ba zai rubuta sunan ƙungiyarmu ba, tunda bai san ta ba. Sunan kaya da sunan gari zai rubuta. To, a sa su a bayanin shafin, da Hausa da Turanci. Acha ma a wasu ƙasashe fonio ake kiranta, a rubuta duka biyun. Wannan hanya ta fi dacewa da ƙungiya mai kaya da yawa. Mai kaji goma, WhatsApp ya ishe ta. Talla na kuɗi a Facebook kuwa, a bar shi tukuna.

Sai maganar kuɗi. Tun ƙarancin takardun naira a farkon 2023 mutane da yawa suka koma biya ta waya, 'yan damfara kuma suka biyo baya. Saƙon da ya ce kuɗi sun shigo, ko hoton rasit, ba shaida ba ne. A duba asusu da kai, a ga kuɗin sun ƙaru, kafin a ɗora kaya a mota. Idan wani ya kira ya ce a karanta masa lambobi shida da suka shigo waya, ko da ya ce daga ofishin ikilisiya yake, kada a ba shi. Da su ne ake ƙwace WhatsApp ɗin mutum, a shiga roƙon kuɗi da sunansa. In an kai kaya tasha, a ɗauki hoton buhun da lambar motar, a aika wa mai saye tare da lambar direba.

Ba kowa ke da babbar waya ba, kuma kuɗin data da caji ba wasa ba ne. Ƙungiya za ta iya amfani da waya ɗaya. Amma asusun banki ya zama na ƙungiya, ba na yaron da ke riƙe da wayar ba, a kuma rubuta kowane ciniki a littafi. A taro mai zuwa, kowa ya zo da irin kayan da yake sayarwa da lambobin 'yan'uwa biyar da ke birni. Za mu auna kayan, mu ɗauki hotuna tare kafin rana ta yi zafi.