Haƙƙin Wanda Ciwo Ya Ɗaure Wa Harshe

A Kiyako da ƙauyukan Gwaram akan ga dattijon da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki na dama, an sallamo shi daga asibitin tarayya na Birnin Kudu, amma magana ta ƙi fita. Sai a ce ya zautu, ko kuwa aljannu ne. Wannan kuskure ne babba. Mazaunin magana a ƙwaƙwalwa, ɓangaren hagu, shi ne ya taɓu. Hankalinsa galibi yana nan.

Malaman Malikiyya sun bayyana cewa wanda ya gaza furta kabbara, niyyarsa ta isar masa, kuma ishararsa, in an fahimce ta, tana tsayawa matsayin magana a ciniki da wasiyya. To, don me iyalinsa za su yanke shawarar gonarsa yana zaune, tamkar ba ya nan?

A fuskance shi da tambaya ɗaya gajeriya wadda gyaɗa kai zai amsa, a jira, kada a ƙwace masa kalma. A riƙa fito da shi zaure da masallaci. Sau da yawa wanda ya kasa kiran sunan ɗansa yakan biya Fatiha in an fara masa, sai a lizimci biya ta tare da shi bayan Magariba.