Darasin lafiya: Ƙarin ruwa ga mai ciwon sukari da ya galabaita

Ciwon sukari yakan tashi da ƙarfi idan majinyaci ya bar allurar insulin, ko kuma wata cuta kamar zazzaɓin cizon sauro ta same shi. Jiki ba ya iya amfani da sukari, sai ya koma ƙona kitse. Wannan ƙonawa tana zuba tsami cikin jini, kuma tsamin yana kisa.

Alamomin da za mu lura da su

Yawan fitsari da ƙishirwa. Amai da ciwon ciki. Numfashi mai zurfi da sauri. Warin baki kamar na ɗan itacen da ya nuna sosai. Daga baya sai magagi ko suma. Idan mun ga haka, kada mu jira gari ya waye. Mu kai shi asibiti nan take.

Wane ruwa ake fara sawa?

Babban mutum yana iya rasa ruwa kamar lita 6 ta hanyar fitsari da amai. Saboda haka likita yana fara sa ruwan gishiri ta jijiya, mai giram 9 na gishiri cikin lita 1. Wani lokaci yana zaɓar ruwan da ake kira Ringa laktat. Lita ta farko takan shiga cikin awa 1. Ana auna potasiyom na jini, domin insulin tana rage shi, kuma ƙarancinsa yana tsayar da zuciya. Ga tsoho da mai ciwon zuciya ko ƙoda, ana sa ruwan sannu a hankali.

Me ya sa ake ƙara ruwan sukari?

Idan sukarin jini ya sauka zuwa kusan giram 2,5 cikin lita, likita yana ƙara ruwa mai sukari. Kada mu tsorata. Tsamin bai ƙare ba, tilas a ci gaba da insulin, kuma sukarin ne ke hana majinyaci faɗuwa.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Ledojin ruwa suna kama da juna, amma aikinsu daban ne. Mu karanta sunan da ke kan leda, mu gwada da takardar likita kafin mu biya. Kada mu yarda a yi wannan ƙarin ruwa a gida. Kada mu taɓa maɓallin ruwan don ya yi sauri. Karatun da muka koya yana iya ceton ran ɗan uwanmu.