Juyen Baƙin Mai da Sauran Ruwayen A-kori-kura

A-kori-kura mota ce ta wahala. Tun daga Peugeot 404 da 504 na zamanin da aka buɗe masana'antar haɗa motoci ta Kaduna a 1975, har zuwa Toyota Hilux da ire-irenta na yau, aikinta ɗaya ne: ɗaukar buhunan hatsi, da doya, da taki, da siminti, a kan hanyar da sau da yawa ba ta da kwalta. Galibi kuwa ita ce dukan jarin mai ita. Ranar da injinta ya buga, ranar abincin gida ya tsaya, kuma kuɗin gyara ya ninka na galan ɗin mai sau da dama.

Da yawa daga cikin direbobi sun ɗauka muddin sun zaro sandar awo sun ga mai bai ragu ba, to lafiya lau. Wannan kuskure ne. Baƙin mai yana hana ƙarfe gogar ƙarfe, yana kwashe zafi daga fistin, yana kuma wanke dauɗa ya riƙe ta a jikinsa har ranar juye. Yau da gobe zafi yakan dafa shi, tokar hayaƙi da ɓurɓushin ƙarfe da ƙura su cika shi, magungunan da aka zuba masa a masana'anta su ƙare. A wannan hali man yana nan a ido, amma ya daina aiki. Ƙarin sabon mai a kan tsoho ba ya fitar da dauɗar, sai dai ya sirka ta. Launi ma ba ma'auni ba ne: man injin dizal yakan yi baƙi ƙirin kwanaki kaɗan bayan juye, alhali da sauran ƙarfinsa.

To, yaushe za a juye? Littafin da ya zo da mota yakan ba da lokaci iri biyu, na tafiya mai sauƙi da na tafiya mai tsanani. Motar da ke shan ƙurar hunturu, da kaya fiye da kima, da cunkoson Legas ko Onitsha ko Kano, a sashe na biyu take. Ga irin wannan mota, kada a wuce kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Idan agogon tafiya ya mutu, kamar yadda yake a tsofaffin motoci da yawa, a rubuta ranar juye a takarda a liƙa a jikin ƙofa.

Ga yadda ake yi. A tayar da inji na 'yan mintoci domin man ya yi ɗumi ya tsinke, sa'an nan a kashe. A tsai da mota a wuri mai baje, a ja birkin hannu, a sa waigi a tayoyi. Lalle ne kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ko a hau ramin gareji, ko a tokare ta da abin da ba zai goce ba. A buɗe murfin zuba mai na sama, a ajiye kwano a ƙasa, a kwance notin da ke gindin kaskon inji da sufana daidai bakinsa. A bar man ya tsiyaye har sai ya koma ɗiga, kada a yi gaggawa, domin laka tana cikin na ƙarshe. Kafin a kawar da kwanon a dube shi da kyau. Ƙyalli kamar garin ƙarfe alama ce inji yana cin kansa. Idan kuwa man ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ne ya shiga, kuma sau da yawa gasket ne ya ƙone. Sabon mai ba zai magance wannan ba, sai bakanike.

Filta ita ce aka fi yi wa rowa. Tsohuwar filta tana riƙe da ƙazamin mai da duk abin da ta tace, kuma idan ta toshe akwai ƙofar da ke buɗewa man ya wuce ba tacewa. Saboda haka a canja ta duk juye. A shafa sabon mai a robar bakinta, a tabbata tsohuwar robar ba ta manne a jikin inji ba, a ɗaure da hannu kawai. Notin ƙasa kuma a sa masa sabon wasa, a ɗaure shi ba tare da hawa kan sufana ba, gama idan zarensa ya cinye an sayi sabon aiki.

Yawan man ya danganta ga inji: ƙaramin injin fetur yakan sha kamar lita 4, na dizal ya kai 7 ko fiye. Lambar da ke jikin galan, irin su 20W-50 ko 15W-40, kaurin man take nunawa, kuma wadda littafin mota ya faɗa ita za a bi. Sababbin injuna suna son mai mara kauri, ba irin na tsofaffi ba. A guji man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba. Araha ba ta ado. Bayan an zuba a tayar da inji, a ga fitilar mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi, a leƙa ƙasa ko akwai yoyo, a kashe, a jira kaɗan, a sake aunawa. Kada ya haura layin sama, domin mai fiye da kima yakan yi kumfa ya kuma ɓalle ta robobi.

Lagireto kuwa, ba a buɗe murfinsa inji na da zafi. Ruwan ciki a matse yake, zafinsa yakan zarce digiri 100, kuma da an sassauta murfin sai ya yi tsartuwa ya ƙone fuska da hannu. A jira ya huce. Ruwan rijiya mai gishiri ko kanwa yana barin tsatsa da farin dutse a cikin siraran bututu, shi ya sa ake son tataccen ruwa haɗe da maganin lagireto. Wannan magani yana da zaƙi-zaƙi amma guba ne mai kashe ƙoda, don haka a nisanta shi daga yara da dabbobi, kada kuma a ajiye shi a kwalbar lemo.

Man birki, DOT 3 ko DOT 4, yana shan danshin iska, kuma wanda ya sha ruwa yakan tafasa a doguwar gangara da kaya, direba ya taka ya ji wayam. A canja shi duk shekara biyu. Ko ɗigo na baƙin mai bai halatta ya shiga tulunsa ba, domin yana kumbura robobin birki. Man giya da na aksil suna daɗewa fiye da na inji, amma motar da ta ratsa rafi da damina a duba mata su nan da nan.

Saura tsohon man da aka juye. Wasu suna tuttula shi a kwata ko bayan gareji, daga nan ya gangara rijiya da rafi. Wasu suna shafa wa dabba a kan gyambo ko ƙazuwa, abin da ke cutar da ita, gama man yana ɗauke da gubar ƙarfe, kuma yawan taɓa shi yana iya jawo sankarar fata. A zuba shi a jarka mai murfi a kai wa masu tarawa, a wanke hannu da sabulu, ba da fetur ba.