Wasiƙa Zuwa Ga Matasanmu Masu Son Ƙwallo

Zuwa ga 'ya'yana da ƙannena ma'abota gidan kallo,

Ina so mu tattauna a kan abin da ya fi komai cin bakinku a majalisa, wato ƙwallon ƙafa. Ku kwantar da hankalinku, ba faɗa zan yi ba. Dattijon da ya ce ƙwallo shashanci ce zalla bai yi mata adalci ba. Saurayin da ya ce nishaɗi ce kawai, ba ta cutar da kowa, shi ma bai duba da kyau ba. Ƙwallon da kuke kallo a yau kasuwa ce, babba kuwa, kuma wanda ya shiga kasuwa bai san farashi ba shi ake cuta. Don haka abin da nake so mu lissafa shi ne me kuke samu, me kuke biya, kuma aljihun wa abin yake shiga.

Goyon bayan gwani ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Tun kafin zuwan talabijin, in kaka ta yi an kai amfanin gona gida, ana kafa fagen dambe da na kokawa, gari ya fito ya tsaya wa nasa. Kiɗan Ɗan Anace ne ya kai sunan Shago inda ƙafarsa ba ta taka ba. A Nijar har gobe, in aka buɗe gasar kokawa ta neman takobi tsakanin jihohi takwas, kunnen kowa na jikin rediyo. Sha'awar dai tsohuwa ce. Abin da ya sauya shi ne a da gwanin ɗan garinku ne, kun san gidansu, in ya samu kyauta unguwa za ta shaida. Yau gwanin yana Landan ko Madrid, bai ma san da zamanku ba.

Bari in fara da alherinta, don kada ku ce na ɓoye. Ku tambayi iyayenku yadda aka kwana a 1996, daren da Najeriya ta doke Brazil da ci 4 da 3 a gasar Olamfik ta Atlanta, bayan Brazil ta yi gaba da 3 da 1. Kanu ne ya farke ta ƙarshe, shi ne kuma ya zura ta nasara. Aka zo wasan ƙarshe aka ci Ajantina 3 da 2. A tawagar nan akwai 'yan Kaduna irin su Garba Lawal da Tijjani Babangida da Daniel Amokachi da Celestine Babayaro, ga su Okocha da Amunike daga Kudu. A daren nan babu wanda ya tambayi addinin wanda ya ba da ƙwallo ko ƙabilar wanda ya zura ta. Abubuwan da ke haɗa kan 'yan ƙasar nan haka ba su da yawa. A 2005 kuma, lokacin da yaƙin basasa ya raba Ivory Coast gida biyu, 'yan wasan ƙasar sun samu gurbin Gasar Kofin Duniya a wasan da suka buga a Sudan. Nan take Didier Drogba da abokansa suka durƙusa a gaban kyamara suna roƙon a ajiye makamai. Ƙwallo ba ita ta kawo ƙarshen yaƙin ba, amma ta sa maganar sulhu ta shiga kunnuwan da 'yan siyasa suka kasa kaiwa gare su.

Akwai kuma waɗanda suka samu suka waiwayi gida. Sadio Mane ya gina asibiti da makaranta a ƙauyensu Bambali a Senegal. Kanu ya kafa gidauniyar da ke yi wa yara aikin zuciya. Ahmed Musa ya gina cibiyar wasanni a Kano, matasa na cin abinci a ciki. Ko a unguwarku, mai gidan kallo da mai shayi da mai tsire duk suna samu a ranar wasa. Yaron da ya zauna a benci yana kallo kuma, ya fi wanda ke lungu cikin 'yan daba.

To, ga ɗaya gefen. Gasar Firimiya ta Ingila ta sayar da haƙƙin nuna wasanninta a cikin Birtaniya kawai a kan fam biliyan 6.7 na shekara huɗu daga 2025, ban da abin da take karɓa daga sauran duniya, har da kuɗin da mai gidan kallonku ke biya duk wata. Manchester United na hannun iyalan Glazer na Amurka tun 2005. Attajirin Abu Dhabi ya sayi Manchester City a 2008, Qatar ta karɓi PSG a 2011, asusun gwamnatin Saudiyya ya mallaki Newcastle a 2021. Waɗannan mutane sun san abin da suka zo nema. Idonku da ke kan allo, da datar da kuke ƙonawa, da rigar da kuke saya, har da fushin da kuke yi, su ne hajar da ake sayar wa masu talla.

A watan Afrilun 2021 manyan ƙungiyoyi 12 na Turai suka sanar da za su ware su kafa gasarsu ta masu kuɗi. Magoya baya a Ingila suka fito kan titi, kafin kwana uku ƙungiyoyin ƙasar shida duk sun janye. Me ya ba waɗannan ƙarfi? Ƙungiyar a garinsu take, gadonta suka yi daga kakanni, su ke cika filin wasa, in suka ƙaurace za a gani. Ɗan gani-kashe-nin Arsenal da ke Fagge ko Zongon Kumasi ba shi da wannan. Ba a shawara da shi kafin a kori koci ko a sayar da ɗan wasa. Hausawa na cewa son maso wani ƙoshin wahala. Ban hana ku so ba, amma kada ku miƙa wa wanda bai san ku ba linzamin farin cikinku, har ya zama in an ci ƙungiyarku abinci ya gagara, ƙannenku su sha tsawa, matar gida ta rasa gane kanku.

Asarar da ta fi tayar mini da hankali ita ce cacar ƙwallo. A da sai mutum ya saci jiki ya shiga shago, yanzu shagon yana cikin wayarku. Hisba ta rufe shagunan caca a Kano a 2024, amma wa zai rufe wanda ke cikin aljihu? Hukuncinta a addini kun san shi, Suratul Ma'ida ta jera ta tare da giya. Bari in ƙara muku da lissafi, don wasunku na ganin ilimin ƙwallo ne ba sa'a ba. In damar ci da ta faɗuwa daidai suke, wanda ya zuba naira 100 ya kamata ya karɓi 200 in ya dace. Kamfani ba zai ba shi haka ba, sai ya ba shi 190 ko ƙasa da haka. Wannan gibin shi ne ribarsa, kuma kowa ya ci wasan, gibin na nan. Sai a zo kan tikitin da kuke jera wasa goma don naira ɗari ta zama dubbai. Mu ɗauka kai gwani ne, hasashenka na dacewa sau shida cikin goma a kowane wasa. Damar ka dace a duka goman a tare ba ta wuce shida cikin dubu ba. Shi ya sa kullum labarin ɗaya ne: wasa ɗaya ne ya ɓata min tikiti. Ba tsautsayi ba ne, ɗana, haka aka tsara abin, don ka ga kamar saura ƙiris ka sake zubawa. Kyautar da suke ba sabon shiga kuwa, ku tuna banza ba ta kai zomo kasuwa.

Idan sanin ƙwallo na kare mutum, da 'yan wasan kansu sun tsira. A 2023 an dakatar da Sandro Tonali na Newcastle wata goma, an dakatar da Ivan Toney na Brentford wata takwas, dukansu saboda caca, kuma an tabbatar ta zame musu jaraba. Mutanen da ke karɓar a mako abin da wani ba zai tara a rayuwarsa ba ke nan. Ƙungiyoyin Firimiya da kansu sun amince a shekarar su cire tallan kamfanonin caca daga gaban rigunansu bayan kakar 2025/26. In masu cin ribar abu sun fara jin kunyarsa, kai da ake ci da kuɗinka me kake jira? Wanda ya riga ya faɗa, ya goge manhajar yau, ya gaya wa wani babba da ya yarda da shi, kuma kada ya ce sai ya maido abin da ya rasa. Neman maido da asara shi ke kai mutum ga cin jarin shago da taɓa kuɗin amana.

Sai lokaci. Ranar Asabar da Lahadi wasa na farawa tun azahar har bayan isha'i, tsakiyar mako ga Gasar Zakarun Turai, tsakanin nan kuma musu ne a majalisa da Facebook. Wanda ke ba ƙwallo awa biyu kullum, a shekara ya ba ta awa 730, wata guda cur dare da rana. A cikin wannan lokaci ana iya koyon gyaran waya ko ɗinki, ko a haddace izu da dama. Ma'auni mai sauƙi shi ne salla. Duk ranar da aka kira magariba ka ce bari a tafi hutun rabin lokaci, ka san abin ya fara fin ƙarfinka.

Akwai kuma gaba, wadda takan kai ga jini. Ranar 9 ga Mayun 2001, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko a Accra, 'yan kallo suka fara jifa da kujeru da kwalabe, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga suka tarar ƙofofi a rufe. Mutum 126 suka rasu. A Port Said ta Masar a 2012, sama da mutum 70 aka kashe bayan wasan Al Masry da Al Ahly. A 2009, bayan Barcelona ta doke Manchester United a wasan ƙarshe na Zakarun Turai, wani direba a Jihar Ribas ya tura motarsa cikin masu murna ya kashe mutum huɗu. A Rum aka buga wasan, 'yan wasan sun yi musabaha sun koma gida, gawa kuma a Najeriya. Zolaya gishirin kallo ce, amma ta tsaya a kan ƙwallo. Da zarar ta kai ga zagin iyaye, ka tashi ka bar wurin.

Masu burin zama Ahmed Musa kuma, ban kashe muku gwiwa ba. Sai dai ku sani a bayan kowane ɗan wasa guda da kuke gani a allo akwai dubbai da rauni ko rashin dama ya mayar gida ba sana'a ba karatu. Ku riƙe makaranta da hannu ɗaya. Ku yi hattara da dillalan bogi masu sa iyaye su sayar da gona don a kai yaro gwaji Turai. Dokar FIFA ta hana cinikin yaro ɗan ƙasa da shekara 18 zuwa wata ƙasa, in ban da 'yan yanayi ƙalilan, kuma ƙungiyar da ke son ɗan wasa da gaske ita ke ɗaukar nauyin tafiyarsa.

Shawarata ita ce ku karkato da wani kaso na wannan ƙauna zuwa inda muryarku ke da tasiri. Kano Pillars ta ɗauki kofin gasar Najeriya a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly daga Gasar Zakarun Afirka ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ga El-Kanemi Warriors, ga Katsina United, ga Wikki Tourists, ga Sahel ta Yamai. Kuɗin ƙofar da kuka biya a nan, ɗan unguwarku ne zai ci albashi da shi. Amma fa goyon baya da hankali. A 2022 an tayar da rikici a filin Sani Abacha a wasan Pillars da Katsina United, aka farfasa motar baƙi. Hukuma ta ci Pillars tara ta cire mata maki, a ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na biyu. Waɗanda suka yi jifan sun ɗauka ƙauna suke nunawa, alhali su suka taya abokan hamayya aiki. Alƙalin wasa ɗan wani ne, kuma baƙon da ya zo garinku amana ne har ya koma.

Sannan ku sauka daga benci ku shiga fili. Wanda ya buga minti talatin da yamma ya fi amfana da ƙwallo a kan wanda ya kalli wasa uku. Ku haɗa gasar unguwa, ku horar da ƙannenku, ku tsaya a kan filayen makarantu kada a yanka su a yi shaguna. Mai sha'awar harkar ya koyi alƙalanci ko horarwa ko sharhin wasanni a rediyo ko kula da raunin 'yan wasa, duk sana'o'i ne da ake ci da iyali da su.

Ƙwallo za ta amfani al'umma ko ta cuce ta gwargwadon yadda kuka riƙe ta. Ku kalla, ku yi ihu, ku zolayi juna. Amma kada ku ba ta sallarku, kada ku ba ta jarinku, kada ku ba ta zumuncinku. Duk ƙarshen wata kowa ya zauna ya lissafa abin da ta ci masa na kuɗi da lokaci, in ya ga ta wuce gona da iri ya rage.

Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare ku daga caca da fitina, Ya ba ku sana'a mai amfani.

Wassalam,
Kawunku mai fatan alheri gare ku.