Shin fumfunar Aflasafe an sauya mata halitta ne?

Wani manomin masara daga Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, ya aiko da tambaya. An ba shi shuɗiyar dawar nan ta Aflasafe ya watsa a gona, sai ya ji ana cewa fumfuna ce da Turawa suka sauya wa halitta. Ya watsa ko ya bari?

Malam, ka watsa abinka. Amma jita-jitar tana da tushe. Tun shekarun 1970 masana suka iya cusa wa fumfuna baƙon sinadarin gado, wato DNA. Sukan narkar da ɓawon ƙwayar fumfunar, su zuba mata shi, ya shige ya liƙe cikin nata. Aiki ne mai cin rai, don galibi yakan liƙe inda ya ga dama, sai an yi ta tacewa kafin a dace da wadda ya sauka daidai.

Da wannan dabara, a lalata ƙwayar gado ɗaya a ga me zai tsaya, aka gano cewa Aspergillus flavus, fumfunar nan mai kore-kore a masara da gyaɗa, tana da ƙwayoyin gado fiye da 20 jere wuri guda masu haɗa gubar aflatoksin. Gubar tana jawo dajin hanta, dafuwa ba ta kashe ta, ita ce kuma ta hallaka mutum 125 a Kenya a 2004.

Ita Aflasafe ba ta bi ta wannan hanyar ba. Cibiyar IITA ta Ibadan ta tattaro fumfuna daga gonakin Nijeriya, ta zaɓi iri 4 da Allah ya halitta da naƙasu a wannan jerin, ba sa iya yin guba. Su aka shafa wa gasasshiyar dawa. In suka riga kama gona, masu gubar sai su rasa wuri. Hukumar NAFDAC ta yi mata rajista.

Ka gama noma da zuba taki tukuna, sannan ka watsa kilo 10 a hekta ɗaya, mako 2 zuwa 3 kafin masara ta yi fure, ƙasa na da damshi. Kada ka binne.

Bayan girbi kuma, abin da ya fi damuna da yankinku na bakin tafkin Kainji shi ne raɓa. Shanya masarar a kan tamfol, ka rufe da yamma, kada ka ɗura a buhu sai ƙwaya ta fashe ƙas a haƙori. Ɗora buhunan a kan katako. Wadda ta yi fumfuna kada a ba shanu, gubar tana fitowa a nono.